Askin Ranar Lahadi

Kowa a layin ya san mai aski ba ya taɓa almakashi ranar Lahadi, ko wa ya kawo kansa. Amma yau da ya dawo daga coci, sai ya hango wani tsoho maƙwabcinsa, wanda ya saba zaginsa kan waƙoƙin yabon da mai askin yake rerawa da sassafe. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da tsohon a baranda, gemu duk ya cukurkuɗe.

Mai aski ya ɗauko jakar aikinsa.

Matarsa ta ce, "Baban yara, yau fa Lahadi!"

"Na sani. Sujadar ce ban gama ba."

Yana askin, bakinsa gum, sai tsohon ya harare shi, ya ce da ƙyar, "Kai, yau ba waƙar?"