Arba'in Ɗin da Ya Ƙi Cika

Ranar da Haulatu ta cika kwana arba'in da haihuwa, kowa a unguwa ya ɗauka Maiturare za ta kife tukunyar wanka ta sallami 'yarta. Ina! Washegari da sassafe sai ga hayaƙi ya sake tashi a tsakar gida, an ɗora ruwa, an jefa ganyen darbejiya, kamar jiya aka yi haihuwar.

Ita Maiturare 'ya ɗaya Allah ya ba ta, ga shi shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, Malam Hamma. Tun da aka kai Haulatu gidan Sada, mai fataucin awaki a Mai'adua, gidan nan na Daura ya zame mata kango. Da ciki ya tsufa aka dawo da yarinya gida wankan fari, kamar yadda aka saba. Gida ya cika da kukan jinjiri da ƙamshin kunun kanwa, Maiturare ta dawo mutum. Sabo kuwa turken wawa ne. Duk lokacin da ta tuna za a zo a kwashe su, sai ta tashi ta ƙara itace a murhu.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Sada zai iso a kan babur ɗinsa, ya durƙusa a zaure ya gai da surukarsa, ita kuma ta amsa daga bayan ƙofa. Juma'ar farko ta ce jikin mai jego bai yi ƙwari ba. Ta biyu ta ce jinjiri yana mura. Ta uku ta ce nono bai wadata ba, alhali yaron ya yi kumatu har wuyansa ya ɓace. Sada dai ba ya wuce "To, Inna, Allah ya ƙara sauƙi," ya tashi babur ya koma.

Kada ka ɗauka tana jin daɗin abin. Zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta share inda ta riga ta share. Ko ɗan acaɓa ne ya gifta ƙofar gida sai gabanta ya faɗi. Akwai ranar Alhamis da ta ga Haulatu tana ninke kaya, ba ta san sa'ad da ta kwashe zannuwan ta sake tsoma su a ruwa ba, wai sabulu bai fita ba.

Ana haka sai ga Adama, yayar marigayin, tsohuwa ce da ba ta tauna magana.

"Maiturare, yau kwana sittin da takwas fa. Giwa ce ta haihu a gidan nan?"

"Haba Yaya, jikin ne da saura."

"Jikin wa? Jikinta ko naki? Yanzu zamanin shari'a ne. In dangin mijin nan suka kai ki gaban alƙali, me za ki ce masa?"

"Sai in ce 'yata ce."

"Shi kuma ya ce miki matar wani ce."

Maiturare ta sha mur, ta shiga hura wutar da take ci da kanta.

Juma'ar da ta biyo baya ba ƙarar babur aka ji ba, mota ce ta tsaya. Sada ya ɗauko shatar wata tsohuwar mota don kaya. Kafin ya gama sallama Maiturare ta ɗaure kai da kallabi tamau, ta shimfiɗa tabarma a jikin katangar zaure, ta kwanta tana nishi.

"Wayyo, jiri nake gani. 'Yar nan, je ki ba shi haƙuri."

Haulatu ta daɗe tana duban uwarta. Sannan ta goya ɗanta ta nufi zaure. Maiturare ta kasa kunne, don dama dalilin kwanciya a wurin ke nan.

"Malam, Inna ce ba lafiya," in ji Haulatu.

Sada ya yi magana a hankali. "Haulatu, na daina yarda da wannan. Mutanen gidanmu sun ce in kai ƙara, na ce ban iya tsayawa da Inna a kotu. Ni dai na gane ke ce ba ki son komawa, Inna tana rufa miki asiri ne kawai. In zama da ni ne ya ishe ki, faɗa mini. Ba zan riƙe ki dole ba, yau ɗin nan sai in sawwaƙe miki."

Maiturare ta jira ta ji 'yarta ta ce, "Ba ni ba ce, Inna ce." Shiru. Sai sheshsheƙa ƙasa-ƙasa. Nan ta gane yarinyar nan za ta bar aurenta ya mutu a zaure maimakon ta tona wa uwarta asiri. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta miƙe zumbur, ba jiri ba alamarsa. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, sai ga ta tsaye a tsakiyar zaure. Sada ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ɗago. Lafiyata ƙalau, yaron nan ma bai taɓa mura ba. Ni ce. Tsoron zama ni kaɗai nake yi, shi ya sa na riƙe maka mata. Ka yafe mini."

"Subhanallahi, Inna..."

"Buɗe motar."

Da hannunta ta kwaso kaya, har da garin kunu da man shanun da ta daɗe da tanada ta ɓoye. Aka aika aka kira Adama don rakiya. Haulatu tana kuka ta riƙe mata zani.

"Inna, ki zo mu tafi tare mana, ko na wata ɗaya."

Zuciyar Maiturare ta ce e tun kafin yarinyar ta rufe baki. Ta haɗiye.

"A'a. Ki tafi ɗakinki, ni ma ina da nawa. Ku zo mini da Sallah, ni ma zan riƙa leƙo ku."

Ta karɓi jinjirin ta sunsuna kansa, ta miƙa shi da sauri. Direba ya tayar da mota. Sai ta sunkuya ta taga, hawaye yana zuba, ta rage murya.

"'Yar nan, ji nan. Duk ranar da na aiko aka ce miki ba ni da lafiya, kada ki ɗauki mayafi. Ki fara tambayar gwaggonki Adama tukuna."