Jan Ƙarfen da Ya Cinye Mini Aiki

Shekara goma sha huɗu na yi ina jan tanka ɗaya a kan hanya ɗaya. Litinin, Laraba da Juma'a nakan shiga bayan wata masana'anta a gefen Toledo, in jona tiyo, in cika tankar da wani shuɗin ruwa, in kai shi wurin zubarwa can Michigan. Masana'antar tana yin allunan nan masu siraran layukan jan ƙarfe da ake sawa cikin rediyo da kwamfuta. Da asid suke cinye jan ƙarfen da ba sa so a jikin allo. In asid ɗin ya ƙoshi ya daina ci, ya zama shara ke nan. Ni ne mai kwashe sharar.

Mai kula da tankunan ruwan nan yayata ce, Bernadette Wozniak. Ita ce ma ta yi mini hanyar aikin wurin Duane, mai motocin. Mace ce doguwa mai faɗa, ta taɓa yin karatun haɗa sinadarai na shekara guda kafin aure ya katse shi, kuma ba ta taɓa bari mun manta da wannan shekarar ba.

Wata Laraba ina jiran tanka ta cika, ta miƙo mini kofi ta ce, "Kaz, ka san abin da kake ɗauka kuwa?"

"Guba mana, Yaya."

"Gubar gidanku. Shuɗin nan da kake gani jan ƙarfe ne narkakke. Mu sayo shi ta ƙofar gaba, kai ka zubar mana da shi ta ƙofar baya."

Ta ce ta kai maganar wurin manaja, Mista Hollis Tate, har sau uku. Ya saurare ta yana duba agogo, ya ce su allo suke yi, ba 'yan gwangwan ba ne.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta tsare ni a garejinta. Ta tanadi kular ƙanƙara ta roba, da cajar batirin mota, da falle biyu, ɗaya na dalma, ɗaya na ƙarfen da ba ya tsatsa. Aikina in yi waldar maratayi, in kuma kawo jarka ɗaya ta ruwan. Da Duane ya san na ɗebi ruwan nan na kai gida, da tun ranar ya sallame ni, ya rage mini wahala.

Muka rataya fallayen cikin ruwan, muka maƙala wayoyi, ta kunna. Ƙananan kumfa suka fara tashi jikin dalmar. Ɗaya fallen kuwa ya soma yin ja a hankali. Bernadette ta riƙe mini hannu har na ji zafi. Amma da muka ciro shi bayan awa uku, abin da ke jiki wani baƙin gari ne kamar dusar kofi, yana taɓuwa yana zubewa.

Lahadi huɗu muna wannan. Ta rage wuta, ta ƙara wuta, ta zagi cajar, ta zage ni. A ta biyar ina zaune kan taya ina cin donat, na ce, "Yaya, ni dai ban yi karatu ba, amma ruwan nan a kwance yake. Wanda ke kusa da fallen ya gama ba da nasa, na nesa bai zo ba. Me zai hana a riƙa juya shi?"

Ta dube ni kamar ta ga kare ya yi magana. "Da me?"

Na je gida na ciro famfon da ke cikin akwatin gilashin kifayena. Kifaye bakwai nake da su a lokacin. Na ce kwana ɗaya ba zai kashe su ba. Biyar ya kashe.

Amma ruwa ya juya. Washegari Bernadette ta sa wuƙa a gefen fallen, ta ɓare wani fallen daban, jajir, sumul, mai kauri kamar murfin gwangwani. Ruwan da ke kular ya koɗe, shuɗin ya kusa ƙarewa. Ta rungume ni, abin da rabonta da yi tun jana'izar Baba. "Ashe akwai abu a kan nan naka," in ji ta.

Da ta kai wa Mista Tate, ya ƙwanƙwasa fallen a tebur, ya ce abin sha'awa ne, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Wata takwas fallen yana wurin. Sai hukuma ta tsananta dokar zubar da irin wannan ruwa, shugabannin kamfani suka fara kiransa suna tambaya me yake yi a kai. Nan take ya tuna.

Suka kafa babban inji a ɗakin aikin Bernadette, kwatami shida a jere, kowanne da fallaye ashirin da famfonsa. Jan ƙarfe ya fita, asid ya koma bakin aiki. Ranar buɗewa aka kawo kek da 'yan jarida. Mista Tate ya ce shekara da shekaru abin nan yana hana shi barci. Ya gode wa "ma'aikatanmu na baya" bai kama suna ba. Aka ba shi allon yabo mai launin jan ƙarfe, na taɓa na ji roba ce. Ni dai ina gefe ina tafi har tafin hannuna ya yi ja, ina nuna wa mutane famfunan ina cewa dabarata ce.

Duane ma ya zo. Ya ja ni waje da farantin kek a hannunsa.

"Kaz, ka ji abin da suka ce? Lodi ɗaya a wata yanzu."

"Na ji, maigida. Ba ƙaramin ci gaba ba ne."

"Lodi ɗaya a wata ni ma zan iya ja da kaina."

Sai a lokacin na gane. Na rantse, duk Lahadin da muka yi a gareji, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Bernadette ma da na koma ciki na gaya mata, ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Ta je wurin Mista Tate ta ce a ɗauke ni aikin kula da injin, tunda na san shi tun yana kular ƙanƙara. Ya ce yana so ƙwarai, amma inji irin wannan sai mai takardar shaida. Suka ɗauko wani injiniya daga Columbus. Mutumin kirki ne, ba laifi. Sati biyu da fara aikinsa ya bugo mini waya yana tambaya me ake yi in famfo ya toshe. Na gaya masa. Ya ce in na samu lokaci in leƙo, zai saya mini kofi.

Yanzu burodi nake rabawa kantuna a ƙaramar mota. Bayana ya daina ciwo, kayana sun daina hujewa, matata ta ce na fi ƙamshi. Bernadette kuma an ba ta sabon muƙami mai dogon suna, a ɗakin da take, kan kujerar da take.

Kwanan baya ta zo gidana cin abincin rana. Ta cinye kabeji da nama, ta goge baki, ta ce, "Kana jin haushina har yanzu?"

"Kaɗan. Ran Litinin ya fi tashi."

Ta juya cokali a faranti. Can ta ce akwai wata masana'anta a garin Lima, nan kudu da mu, da ke zubar da wani koren ruwa, ita kuma tana zargin akwai ƙarfe mai daraja a ciki. Garejinta na nan, Lahadi mai zuwa ba ta da abin yi.

Na ce, "Zan zo, Yaya. Amma fara binciko mini sunan direban da ke kwashe musu shi. Ina so in je in gaishe shi tukuna."