Sa Hannun Yaya

Wata biyu bayan rasuwar Baba, lauya ya kira Auta ofishinsa kan maganar ɗan gidan da Baba ya saya a ƙasar waje, lokacin yana aikin tashar jiragen ruwa a can.

"Malama, gida dokar ƙasar da yake ciki yake bi," in ji lauyan yana juya takardu. "Sai duk 'ya'yan mamaci sun sa hannu a gabana kafin ƙarshen wata. In aka rasa mutum ɗaya, kotun can za ta rufe gidan, kuma buɗe shi sai an shekara ana shari'a."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ce a gidan, ga tsufa ga ciwon ƙafa. In aka rufe, ina za ta nufa? Su huɗu Baba ya bari, ukun ba matsala. Na huɗun shi ne Yaya, babban wansu, wanda ya yi faɗa da Baba shekara tara da suka wuce ya bar gida. Ko jana'iza bai zo ba.

Kwana uku Auta tana kiran lambarsa ba ya ɗauka. A rana ta huɗu ta ɗauki takardun ta nufi garejin da aka ce yana walda.

Ta same shi durƙushe a gindin wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Sai da ta yi sallama sau uku ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ya yi furfura.

"Auta? Ke ce kika zama haka?"

Ta yi bayani, tana haɗa farko da ƙarshe. Bai ko kalli takardun ba.

"Ya ambace ni kafin ya cika?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe. Ta san in ta ce e, magana ta ƙare.

"A'a, Yaya. Bai ambaci kowa ba. Bakinsa ya riga ya mutu."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Gwaggo har yanzu tana wannan faɗan nata?"

"Ya ma ƙaru."

Ya ɗan murmusa, ya kashe injin.

"Jira ni in sauya riga. Ba zan shiga ofishin mutane da wannan ba."