Auren da Inshora ta Riƙe

Jama'ata, ina gaisuwa. Ku gyara zama, yau labarin Alden Pelkey na kawo muku, mutumin garinmu a nan jihar Vermont ta Amurka. Wanda ba ya son a taɓa masa zuciya ya wuce abinsa tun yanzu.

Alden mai dafa zumar itacen mapul ne. Ya huda itace, ya tari ruwan, ya dafa har ya yi kauri. Kuma ciwon suga gare shi, ku ji fa! Shekara talatin yana dafa zaƙi, ko cokalin ba ya lasa. Kullum sai allura. Matarsa Marlene kuwa tana girki a makarantar firamare. Ita ke da inshorar lafiya ta wurin aiki, sunansa na ciki a matsayin miji.

Shekara huɗu ke nan da ta kwashe kayanta ta koma cikin gari. Ba zagi ba duka, shirun gidan ne ya ishe ta. Amma ba su kashe auren ba, don ranar da alƙali ya raba su, ranar sunansa zai fita daga inshorar, kuma a lokacin kamfanoni gudun mai tsohon ciwo suke. Sai suka yi yarjejeniya. Jiharmu ta ce za ta kafa nata tsarin: kowa da katinsa, gwamnati ta biya likita, ba ruwanka da aiki ko aure. Ranar da katin ya fito, su rabu lafiya.

Kafin nan, duk shekara sukan haɗu a gidan abincin bakin titi ya sa hannu a takardar sabunta inshora. Sau ɗaya rak. Alden har aski yake yi saboda ranar.

Sai ga shi a watan Disamba gwamna ya fito ya ce harajin da tsarin zai ci ya fi ƙarfin jihar, an jingine maganar. Mutane na ta ɓacin rai, Alden kuwa ya shigo gidan abincin yana fito.

"Uwargida ran gida," ya ce yana kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa. "Kin ji labari? Da sauranmu."

"Zauna, tsoho. Wa ya yi maka wannan askin, makaho?"

"Ni na yi da kaina."

"Ai na gani."

Aka kawo mata fanke, shi kuma baƙin kofi. Ta buɗe jaka ta ciro takardu, sai ya ga sun fi na kullum kauri.

"Ba na sabuntawa ba ne," ta ce. "Na kotu ne, na raba aure. Curtis ya nemi aurena, Alden. Sau uku yanzu."

Curtis shi ne mai tuƙa motar share ƙanƙara, duk garin an san suna tare.

"Curtis? Wanda ya taɓa ture min akwatin wasiƙa?"

"Shi. Kuma ya gyara maka."

"A karkace. Mar, alkawari muka yi. Sai katin jiha ya fito. Wani gwamnan zai zo, ki ƙara haƙuri."

"Katin jiha ya mutu, ka bar shi ya huta. Akwai tsarin tarayya, tun bara aka fara. Ba wanda zai kore ka don ciwonka, kuma da ɗan abin da kake samu, gwamnati za ta ɗauke maka mafi yawa. Akwai wata mata a laburare, ita ke cike wa mutane."

"Wancan ai kasuwa ce. Ka zaɓi kamfani, ka biya, su cire wannan su cire wancan. Na jiha ne na gaskiya, kowa daidai."

"Ka yi gaskiya, na jiha ya fi. Amma babu shi. Wannan kuwa ga shi can tsallaken titi."

To jama'a, mu tsaya nan. Da kai ne Alden, me za ka ce? Ka ci gaba da wa'azin siyasa, ko ka faɗi abin da ke ranka? Kada ku yi min ƙarya, na san halinku.

Alden ya yi ta juya kofin a hannunsa.

"Na sani," ya ce. "Tun bara na je wurin matar. Ta ce za su karɓe ni."

Marlene ta ajiye cokali. "Tun bara? Ka bar ni ina ta ba bawan Allah haƙuri shekara guda?"

"Gidan nan, Mar, in ƙanƙara ta rufe hanya, sai in yi sati ban ji muryar mutum ba. Wasiƙar inshorar nan ce kaɗai ke zuwa da sunanmu tare. Nakan bar ta a kan tebur."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dube shi kawai, ta turo masa biro.

"Ba zan miƙa wa kotu ba sai taka inshorar ta fara aiki," ta ce. "Ko kwana ɗaya ba za ka yi babu allura ba."

Wuri huɗu aka yi wa alama. Ya sa hannu a duka, na ƙarshen har ya ɗan fita daga layi. Ta tattara, ta dafa kafaɗarsa.

"In raka ka?"

"Na san hanya. Je ki, kada angon ya daskare a mota."

Ya tsallaka titi shi kaɗai. A laburaren mutum biyu ne a gabansa, ya zauna ya ɗora hula a gwiwa har aka kira shi. Matar ba ta gane shi ba.

"In an gama rabuwar, mutum nawa ne a gidan?"

"Ni kaɗai."

Ta buga a na'ura ba ta ɗago ba, ta tambaye shi ranar haihuwa.