Aron Yatsa a Bakin Fadama

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama wani mai ɗaukar hoto, kyamararsa ta koma saman kabad. Hannun dama ya daina motsi, magana kuma sai ya yi ta kokawa da harshe kafin kalma ɗaya ta fito. Da can, duk ranar hutu fadamar bayan gari yake tafiya da dogon gilashin kyamararsa mai nauyin jariri, ya wuni yana ɗaukar tsuntsayen da ke kiwo a ruwa. Matarsa tela ce, ba ta taɓa bin sa ba. Abin da ta sani game da fadama shi ne taɓon da take kankarewa a wandunansa.

Wata safiya tana bakin keken ɗinki ta ɗaga kai, ta ga ya ƙura wa saman kabad ido. Ta ƙarasa kalmasa rigar da ke hannunta, ta taka kujera ta sauko da jakar kyamarar.

"Baban yara, tashi mu je ka gaida mutanenka."

"Su... wa?"

"Masu dogayen ƙafafun nan mana. Za su ce ka yi arziki ka manta da su."

Ƙaninta ya kai su a mota har inda hanya ta ƙare, ya koma. Ta zaunar da mijin a kujerar roba bayan doguwar ciyawa, ta kafa ƙafafun kyamara, yana yi mata nuni da haɓa. Da ya kai ido jikin kyamarar sai kafaɗunsa suka miƙe. Hannun hagu ya hau murza gilashi kamar jiya ya ajiye. Sai dai maɓallin ɗauka a dama yake.

"Ga yatsa zan ara maka," in ji ta. "Kai ka duba, in ka ce yanzu, ni in danna."

Can nesa wani zalɓe yana tsaye cikin ruwa, ko gezau. Ita ɗigo kawai take hangowa. Suka yi tsit, sauro na cizon ta. Zalɓen ya miƙa wuya.

"Ya... ya... yanzu!"

Kafin kalmar ta gama fita, tuni tsuntsu ya cafke kifinsa ya haɗiye. Haka suka yi ta yi. Da suka duba, wani hoton ruwa ne zalla, wani kuma jela ce ta leƙo daga gefe.

"To ai ruwan ma ya yi kyau," ta ce.

Bai yi dariya ba. Ya janye fuska daga kyamarar, ya sunkuyar da kai.

"Mu... koma."

"Da wace motar? Sai dai in goya ka, kuma ka san bayana ba na da ba ne."

Ta bar shi ya share idonsa ba tare da ta kalle shi ba. Sannan ta tuɓe takalmi, ta matsa kusa, ta zura ƙafarta ƙarƙashin ƙafarsa mai lafiya.

"Bar bakin nan ya huta. In lokaci ya yi, taka ni kawai. Ni da na tsufa ina taka keke, yau a taka ni in ji yadda yake ji."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya mai da ido jikin kyamara.

Rana ta fara zafi, hannunta ya yi tsami a sama, ba ta sauke ba. Zalɓen ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya ajiye. Sai ta ji an danne mata yatsun ƙafa, ta danna maɓalli kafin ma ta ce wayyo.

Ga shi nan fes: fukafukai a buɗe, ɗan kifi a gicciye a baki, ruwa na tarwatsewa. Hoton ya ɗan karkace, don ta girgiza kyamarar. Mijin ya yi wata dariya da rabin baki, irin wadda ta manta sautinta.

Ya ja hannun rigarta, ya nuna mata inda ake sa ido. Ta duƙa ta leƙa. Ɗigon nan ya zo har gaban hancinta, da ido rawaya, da gashin wuya yana lilo a iska. Gefensa wani ɗan mitsitsi mai jajayen ƙafafu yana ta caccakar laka kamar ya yar da allura.

"Ikon Allah! Ashe abin da kake ɓoye mini ke nan. Wannan ƙaramin sarkin zumuɗin fa, ya sunansa?"

Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ya sake gwadawa. Ba ta taya shi ba, ba ta kuma ɗaga ido daga kan tsuntsun ba.

"Ina jin ka," ta ce a hankali. "Ba inda za mu."