Gurbin Yankari

Maimuna tana tsugune a tsakar gida tana tace waken awara sai ta ji sallamar Yaya Bello, wan mijinta, daga zaure. Bai saba zuwa Gyadi-Gyadi da hantsi ba, don a irin wannan lokacin yana shagonsa na kayan gini a Tarauni. Da ya shigo sai ta ga limamin unguwa a bayansa, kowannensu yana kallon ƙasa.

"Maimuna, zauna," in ji Bello. "Muntaka ne ba shi da lafiya a can Yankari."

"Yaya, ba a zuwa da liman saboda rashin lafiya. Faɗa min kawai."

Liman ne ya faɗa. Bayan sallar asuba Muntaka ya dafe ƙirji ya zauna a gindin motarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Maimuna ta yi salati, ta sake yi, ta goge hannunta a zani.

"Yaushe za a kawo shi?"

Bello ya gyara hula. "Na ce musu su yi masa sutura a can. Ana zafi, hanya da nisa. Akwai maƙabarta a ƙauyen da ke bakin ƙofar gandun dajin."

"Ka ce musu."

"Ni ne babba, Maimuna."

Ranar ruwan waken ya yi tsami a roba, maƙwabta ne suka zubar.

Muntaka direba ne, aikinsa kai mutane hutu. Iyalai, malaman makaranta, ma'aikatan ofis, duk wanda ya tara jama'a yana son ya ga gari ko daji sai ya yi shatar bas ɗinsa. Ya kai mutane Tiga, ya kai su Jos, Gurara, Argungu, har Legas. Su sukan kama ɗaki, shi kuma ya kafa ɗan koren tantinsa kusa da mota. Ita Maimuna iyakarta Wudil, wajen danginta.

Tsarabarsa ɗaya ce: dutse. Duk inda ya je sai ya tsinto ɗan ƙarami ya kawo mata.

"Matan mutane atamfa ake kawo musu," takan ce, "ni nawa mijin tsakuwa yake kwaso min kamar mai shirin gini."

"Atamfa koɗewa take yi, Munari. Riƙe wannan ki ji. Sanyin Jos ne a jikinsa."

Ba ta yi karatu mai nisa ba, ba a rubuta komai a jikin duwatsun ba, amma ta san kowanne. Baƙi mai santsi na Tiga ne, mai ƙyalli na Jos, fari mai tsaga na Gurara. Sun yi layi a kan tagar ɗakinta. A tsakiyar layin akwai gurbi, faɗin yatsa uku, wanda Muntaka bai yarda a matse ba. Ya je Yankari ya fi a ƙirga, bai taɓa kawo dutsen can ba.

"Wannan ke za ki ɗauko da hannunki," yakan ce mata. "Sai kin je da kanki. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, ba a ba da labarinsa. Ɗumi kamar an dafa, ga shi garau, kina ganin farcen ƙafarki. Ga birai, su fizge miki burodi a hannu kina kallo."

"Malam, ka rage ƙarya. Biri har da cin burodi?"

"Za ki gani. Bana in an yi hutun makaranta."

Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Kullum kujerun sukan cika da masu shata.

Murtala, abokin aikinsa da suke karɓa-karɓar tuƙi, shi ya dawo da motar da jaka da tantin. Maimuna ta shanya tantin a tsakar gida kamar yadda ta saba yi bayan kowace tafiya, ta naɗe shi, ta tura ƙarƙashin gado. Ta yi takabarta. Damina ta zo ta wuce, kuma duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi tunani ɗaya take yi: kabari sabo, ba alama, a garin da ba kowa nasa. In ƙasar ta kwanta, wa zai san inda yake?

Da ta fita takaba ta kira Murtala. Ya ce mata ƙarshen wata zai kai malaman wata makarantar mata Yankari su da iyalansu, kwana biyu. Ta ce ya ajiye mata kujera biyu, ita da 'yarta Safiyyah. Daga nan ta hau adaidaita ta nufi Tarauni.

Ta tarar da Bello yana sa ana jera buhunan siminti. Ya ba ta benci, suka gaisa, ta faɗa masa.

"Yankari?" Ya ajiye carbinsa. "Maimuna, mace ba ta shiga maƙabarta, kin sani."

"Na sani. Zan tsaya a bakin shinge."

"Kuma wurin 'yan shaƙatawa ne. Jiya-jiya kika fita takaba, yau a ce an gan ki cikin masu yawon buɗe ido? Ga maganar auren Safiyyah ta taso. Ni ne waliyyinta, ni za a tara da zancen. In dangin yaron suka ji fa?"

"In don uwarta ta je ganin inda aka binne ubanta za su fasa, gara su fasa tun ba a sayi gado ba."

"To ni ban yarda ba."

"Yaya, ba izini na zo nema ba. Sallama na zo yi maka."

"Har yanzu kina riƙe da ni."

"Ban riƙe ka ba. Abin da ka yi addini ya yarda da shi. Amma waya tana hannunka, gidana ba nisa, ba ka tambaye ni ba. Da ka tambaya ma da na ce a binne shi can. Sai dai da ni na faɗa."

Bello ya kau da kai ya daka wa masu dako tsawa a kan buhun da bai karkace ba. Ta yi masa sai an jima.

Ranar tafiya, a bakin titin Zariya, Murtala ya ɗaga jakarta zai ɗora a bayan mota sai ya yi nishi.

"Maman Safiyyah, dutse kika saka a ciki ne?"

"Dutse ne."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Safiyyah ta rufe fuska da mayafi. "Na yi na yi da Umma ta ƙi ji."

Da suka haye gadar Wudil Maimuna ta gyara zama ta manne da taga. Daga nan komai sabo ne, amma ba baƙo ba. Ta ga duwatsun Birnin Kudu ta ce ga su nan. Kafin a shiga Ningi ta ce wa malamar da ke gefenta nan gaba kaɗan Murtala zai tsaya a sayi tsire, aka kuwa tsaya.

"Hajiya, kin saba bin hanyar nan ke nan?"

"Yau na fara. Mijina ne ya bi min ita."

Sun isa ƙauyen bayan azahar. Murtala ya roƙi malaman su ɗan jira, ya je ya zo da wani dattijo, mai kula da maƙabartar. Shingen kara ne da ƙaya, iya ƙugu. Maimuna ta tsaya a nan, Safiyyah tana riƙe da hannunta.

"Direban Kano?" in ji dattijon. "Na tuna shi. Duk zuwansa sai ya tsaya ya sha shayi a wurin ɗana. Kina ganin waccan aduwar? To daga hagunta."

Ta duba. Abin da take tsoro shi ne ya kusa faruwa. Kaburbura ne jere, duk ruwa ya kwantar da su, ciyawa ta rufe. Murtala kansa ya yi ta waige-waige, sai da dattijon ya je ya tsaya a kan guda ya nuna da sanda.

Ta buɗe jakar ta fito da shi: faffaɗan dutsen nan na gindin randa, wanda Muntaka yake ɗora ƙafa a kai in zai yi alwala, har tsakiyarsa ya yi santsi.

"Baba, ya halatta a sa wannan a wajen kansa, don alama?"

"Ya halatta, 'yata. Ba gini ba ne, ba rubutu."

"Murtala, karɓi. Ka danna shi sosai." Ta miƙa masa ta saman shingen. "Shekara da shekaru yana kawo min na garin mutane. Yau na kawo masa na gida."

Suka yi addu'a, ita daga waje, su daga ciki. Safiyyah ta yi kuka har ta gode Allah. Maimuna ta tsaya tana haddace wurin da ido: aduwa, hagu, dutse.

Da suka fito Murtala ya rage murya. "Na yi magana da wani mai mota da zai koma Bauchi. In kuna so ku bi shi, ku kwana gidan ƙanwata, gobe sai Kano. Na san cikin can hayaniya ce da yara da kaɗe-kaɗe."

"Umma, mu koma," in ji Safiyyah. "Abin da muka zo yi mun yi. Kar a ce..."

"Rabi muka yi. Murtala, tada mota."

A sansanin baƙi da ke cikin gandun, malaman suka watse neman ɗakunansu. Maimuna ta sa aka sauke mata koren tantin, ta zaɓi wuri kusa da motar, ta shimfiɗa, ta zura sandunan, Safiyyah tana buga turaku da dutse. Tana cikin ɗaure igiyar ƙarshe ta ji 'yarta ta ƙwalla ihu. Wani ƙaton biri ne ya zo cikin natsuwa kamar mai karɓar haraji, ya ɗauke ledar burodinsu daga kan tabarma, ya koma gefe ya zauna, ya yage ledar ya fara ci yana kallonsu.

Maimuna ta saki igiyar. Dariya ta kama ta, irin wadda rabonta da ita tun ranar waken awara, har sai da ta zauna a ƙasa.

"Allah Sarki, Malam! Ashe ba ƙarya kake ba. Na ci haƙƙinka, ka yafe min."

Da hantsin washegari suka sauka matakalar zuwa ruwan Wikki. Yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Yara suna ta tsalle a can gaba. Ta nemi gefen da mata suke, ta cire silifas, ta ɗan ɗage zani, ta taka. Ɗumin ya kama ta daga tafin ƙafa ya hau. Ta sunkuya ta ga farcenta da sauran lallen da Safiyyah ta matsa mata ta sa, ɓaro-ɓaro a kan farin yashi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa hannu ta lalubo ɗan dutse ja mai ratsin fari, ta gwada shi da yatsunta uku, ta ƙulle a bakin mayafi.

Kwana kaɗan da dawowarsu Bello ya yi sallama da yamma. Ya zauna a bakin tabarma, ya ce dangin yaron sun aiko, za su zo a sa rana. Ya sha ruwa. Ya yi ta juya kofin.

"Kin ga kabarin?"

"Na gani. Akwai aduwa. Daga hagunta."

"Da alama?"

"Yanzu da ita."

Ya miƙe, ya kai zaure, ya juyo. "In Murtala zai sake komawa, ki ce ya ajiye min kujera."

"Lambarsa tana wayarka, Yaya. Ka tambaye shi da kanka."

Har yau, kowace safiya kafin ta ɗauki waken awara, Maimuna takan tsaya a bakin taga da ɗan tsumma. Takan fara daga Tiga, ta goge Jos, ta goge Gurara, tana kiran sunan kowanne a hankali. In ta zo kan ɗan jan nan na tsakiya ba ta goge shi. Takan damƙe shi a tafin hannu har sai ya yi ɗumi, sannan ta mayar da shi gurbinsa ta fita tsakar gida.