Ƙarfe Huɗu na Bombay

Ranar da Fali Ghadiali ya hau benen ƙanwarsa Homai, sai da ya tsaya ya huta a tsakiyar matakala, tumbi a gaba, wani ƙunshi a hammata. Rabonsa da ƙofar nan ya fi shekara ashirin. Homai ta buɗe, ta dube shi daga hula har takalmi, ba ta ce shigo ba, ba ta kuma ce koma ba. Shi ya kutsa kansa ciki, don Fali tun yana yaro ba ya jiran izini.

"Homai, kin tsufa," ya ce yana haki.

"Kai kuma ka kumbura. Me ka zo nema?"

Ya ajiye ƙunshin a kan teburin aikinta da ke bakin taga, ya kwance. Ko kafin ya gama ta gane abin da ke ciki. Agogon motar Pappa ne, mai farar fuska da baƙin hannu, wanda mahaifin nasu ya ɗaura da kansa a gaban direba tun kafin yaƙin duniya. Gilashin ya dushe, bakin tagullar ya yi kore. Ta kai shi hanci, ta yamutsa fuska.

"Wane jakin ne ya zuba masa man kwakwa?"

"Wani ne a kasuwar Chor Bazaar. Ke dai bar wannan. Duk garin nan na zaga, kowa ya ce sai ke, 'yar Pestonji mai agogo."

Mu Parsawan Bombay, 'yar ƙabilar nan mai addininta daban, kowa da irin haukansa, na Fali kuwa mota ce. Ya gaji baƙar motar Ingila ta mahaifinsu, yana goge ta safe da yamma, abin da bai taɓa yi wa takalmin matarsa ba. Duk shekara ƙungiyar masu tsofaffin motoci kan yi gasa a filin bakin teku, duk shekara kofin kan wuce shi saboda mataccen agogo. Bana likita ya ce idonsa ba zai ƙara shekara a kan sitiyari ba. Abin da ya hawo da shi benen ke nan, ba zumunci ba.

"Bar shi," in ji Homai. "Ranar gasar zan kawo in ɗaura da hannuna."

"Ranar gasar? Haba, Homai!"

"In ba ka so, ga ƙofa, ga mai man kwakwa."

Ya bar shi. Ko shayi ba ta ba shi ba.

Abin da ke tsakaninsu ba sirri ba ne a unguwa, sai dai unguwa ta san rabinsa ne kawai. Homai ta auri wani mai busa ƙaho ɗan Goa, ba Baparse ba, ta bi shi Poona. Pappa ya yi fushi na ɗan lokaci ya huce, don ita ce ta zauna gefensa ta koyi gyaran agogo. Fali kuwa ya rantse ba za ta sake tsayawa cikin dangi ba. Da Pappa ya rasu, shi ya buga mata waya. Ya ce za a ɗauki gawa da ƙarfe huɗu, kuma ya ƙara da bakinsa: huɗu na Bombay.

Gwamnati ta daɗe da ɗora ƙasar nan kan lokaci ɗaya, amma agogon ɗakunan ibadarmu har gobe tsohon lokacin Bombay yake bi, wanda ke baya da kusan minti arba'in. Saboda haka in an kira ka addu'a ko jana'iza, dole ka tambaya wane huɗun ake nufi. Homai ba ta tambaya ba, tunda an riga an faɗa mata.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta makara ba. Jirgin ƙasan da ta hau ya iso da wuri. Tsoron idon dangi ya sa ta shiga wani shagon shayi a gindin tudun da muke kai mamatanmu, ta zauna tana tsoma burodi da man shanu a kofi, tana jiran lokaci ya cika. Ashe huɗun gwamnati ne. Tana tauna burodi a ƙasa, ana rufe fuskar mahaifinta a sama. Da ta hau, bayan maza kawai ta hango, bibbiyu cikin fararen kaya suna bin makara, inda mace ba ta binsu. Ba ta ga fuskarsa ba.

Da ta tare Fali a gaban mutane, sai ya fashe da kuka.

"Ni waɗannan lokutan biyu ban taɓa bambanta su ba," ya ce. "Kowa ya sani kaina ba ya ɗaukar lissafi. Ga baƙin ciki kuma. Me na sani na faɗa?"

Aka rungume shi ana ba shi haƙuri. Dhun Fui, ƙanwar Pappa, wadda maganarta ce doka a dangi, ta juyo ta dubi Homai ta ce 'yar mai gyaran agogo ta makara jana'izar ubanta, wannan abin kunya da me ya yi kama. Maganar ta manne mata. Ko bayan mijinta ya mutu ta dawo Bombay, in ta wuce sai tsofaffin unguwa su duba agogon hannunsu suna murmushi. Homai ba ta son kuɗin Fali, ba ta son motarsa, ba ta ma son haƙurinsa. Abu ɗaya take so, ta ji ya ƙaryata kansa da bakinsa a gaban Dhun Fui, tun tsohuwar tana da sauran kunne.

Washegari da hantsi ta saka gilashin ido ɗaya, ta buɗe bayan agogon. Man kwakwar ya daskare ya zama kamar danƙo, ya kama ƙura da gashin kyankyaso. Ta zare haƙoran ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ta jera a farin faranti, ta wanke su da fetur, ta bi ramukan da tsinke. Babbar wayar da ke riƙe ƙarfin agogon ta karye kusa da gindi, sai da ta tona akwatin Pappa ta samo irinta naɗe cikin takardar mai. Siririyar wayar zuciyar kuwa, mai kama da gashin jariri, wani mai kaurin yatsa ya lanƙwasa ta. Wannan ita ta ci mata kwanaki. Takan riƙe numfashi ta taɓa ta kaɗan, ta sake ta, ta zagi mai man kwakwa da kakanninsa, ta koma.

Ba ta yi ha'inci ko a sukuru ɗaya ba. Ko don ta ƙona wa Fali rai ba za ta ɓata aikin Pappa ba. Da ta haɗa shi ta murɗa maɓallin ta yi masa wani, sai zuciyar ta motsa da kanta, ƙarar nan da ta saba ji tana yarinya a kujerar gaba ta cika ɗakin. Nan Homai ta kifa kai a teburi ta yi kukan da ba ta yi a kan tudu ba. Da ta share ido, ƙiyayyar tana nan inda take, har ta fi da tsabta.

Ta naɗe agogon a gyale ta tafi ɗakin ibada, ta saita shi da agogon bangon can. Da ta dawo gida sai ta sake buɗe shi, ta zare wani ɗan haƙori da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke haɗa maɓallin saiti da hannuwan agogo. Ta jefa shi a jakar hannunta, ta rufe bayan ta ɗaure.

Ranar Lahadin gasa fili ya cika da motoci masu ƙyalli da tsofaffi masu taƙama. Rabin unguwarsu ta zo, da kwandunan soyayyen nama da ƙwai. Fali ya sha farar riga da hula, ya zaunar da Dhun Fui a kujerar baya cikin tsohon zanenta na sari mai aikin hannu, wai don alƙalai su ga tarihi. Tsohuwar ta haura tamanin da yawa, ƙafa ta tafi, amma kunne da baki suna nan.

Homai ba ta iso ba sai da alƙalai suka fara zagaye.

"Kin ga halin naki ko?" in ji Dhun Fui ta taga. "Ke dai makara a jininki take, dikri, 'yata."

"Haka ne, Fui," in ji Homai. Ta zauna a kujerar gaba, ta zura agogon a raminsa, ta ɗaure sukurori a natse.

Fali ya sunkuyo ya kasa kunne, bakinsa har kunne. Sai ya duba agogon hannunsa, ya sake duba na motar.

"Homai, ai baya yake."

Ya kama maɓallin ya murɗa. Maɓallin ya yi ta juyawa a banza, hannuwan ko gezau. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Alƙalai saura mota biyu su iso.

"Me kika yi min, muguwa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Gyara na yi. Je ka gwada da na ɗakin ibada, ko daƙiƙa ba za ka samu ba."

"Lokacin Bombay? Kin haukace ne? Za su ce ya lalace!"

"To ka ce musu ya lalace mana, ka sake gwadawa baɗi." Ta gyara zaman gyalenta. "Ko kuma ka ce da gangan ne. Ka san Mista Kapadia da son tsohon abu."

Mista Kapadia shi ne babban alƙalin, dogon tsoho mai sanda, wanda a ganinsa duniya ta lalace tun ranar da aka cire taragon titi daga garin. Ya duba inji, ya shafa kujeru, ya leƙa agogo, ya ɗaga gira.

"Kash, Fali. Bana yana tafiya, amma ya makara."

Homai ta zuba wa yayanta ido. Ta san shi kamar tafin hannunta. Fali zai iya haƙura da abinci, zai iya haƙura da mutunci, amma ba zai iya ganin kofi a kan tebur ya bar shi ba.

"Bai makara ba, Yallaɓai," ya ce da ƙarfi, yana buɗe ƙirji. "Lokacin Bombay yake bi. Motar zamanin ce, dole ta bi lokacin zamaninta. Ni na ce a saita shi haka."

Mista Kapadia ya buga sanda a ƙasa don daɗi, ya kira sauran alƙalan su zo su ga mutumin da ya san abin da yake yi. Jama'a suka matso. Kan Fali ya fara kumbura.

"Amma a kan hanya fa?" in ji wani alƙali. "Ba ya rikita ka?"

"Ni? A gidan mai agogo aka haife ni fa! Tun ban fi tebur tsawo ba Pappa ke tare ni da tambayar nan kafin ya ba ni karin kumallo. Ko daga barci ka tashe ni zan juya maka."

"Gwada shi mana, Yallaɓai," in ji Homai da murya mai zaƙi. "Fali, huɗu na Bombay, ƙarfe nawa ke nan na gwamnati?"

"Biyar saura ashirin da ɗaya," ya ce, tun kafin ta rufe baki.

Alƙalai suka tafa. Baƙi suka tafa. Mutanen unguwa kuwa ba wanda ya ɗaga hannu. Wata tsohuwa da ta kai ƙwai baki ta mayar da shi kwando. Fali ya waiga yana neman yabo, ya ga fuskokin, sannan ya ji abin da ya faɗa. Murmushin ya bushe masa a fuska.

Daga kujerar baya muryar Dhun Fui ta fito, siririya amma kowa ya ji.

"Fali, dikra, ɗana. Ashe ka iya?"

"Fui, ai daga baya ne na…"

"Tun ba ka fi tebur tsawo ba, ka ce." Ta lalubi hannun ƙofa. "Homai, zo ki fitar da ni daga motar nan."

Homai ta zagaya ta kama ta. Tsohuwar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba ta ce yi haƙuri ba, don Dhun Fui ba ta taɓa faɗar kalmar ga kowa ba. Ta dai riƙe hannun Homai gam, a gaban unguwa duka, ta ce a kai ta inuwa su zauna tare.

An ba Fali kofin. Ya karɓa, aka ɗauki hoto, ya tsaya shi kaɗai gefen motarsa da abin a hannu kamar wanda aka ba ajiya. Ba wanda ya miƙa masa ko ƙwai ɗaya. Homai ta zauna a inuwa tana kallonsa, ta ci abincinta har da ƙari. Daɗi ta ji, kuma ba ta ɓoye ba. Fuskar Pappa dai ba ta gani ba, wannan babu kofin da zai dawo da ita, amma ta ci ta ƙoshi.

Da fili ya fara watsewa, ya taho inda take, yana jan ƙafa.

"Kin samu abin da kike so," ya ce. "Ba ni abin da kika cire."

Homai ta ɗora hannu a kan jakarta.

"Yana nan inda yake. Duk wanda ka kai wa ya buɗe agogon nan, sai ya sake kashe shi, ka sani. Ka yi ta tuƙi da shi haka, kana lissafin nan da ka iya, duk lokacin da ka kalle shi."

"Har yaushe, Homai?"

Ta miƙe, ta kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga sarinta, ta taimaka wa Dhun Fui ta tashi.

"Har ranar da za a hau da kai tudu," ta ce. "Ran nan kuwa kada ka damu, Fali. Da wuri zan zo."